A ƙirga a gaban kowa

Iyayenmu da ƴan uwanmu matan asusu, na cikin garin Kelle da na ƙauyukan Kutus har zuwa Gure. Muna fatan an yi girbi lafiya, hatsi ya shiga rumbu da albarka. Yanzu kaka ta kama hanya, ƙungiyoyi da dama sun fara lissafin ranar rabo. To, ranar rabo ce ke ƙara wa wata ƙungiya danƙon zumunci, ita ce kuma ke watsa wata. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu taɓo abin da ke wuyanmu, mu da aka ɗora wa riƙon kuɗin mata.

Wata za ta ce maganar shugabanci a wurin aiki ai ta masu biro ce a Damagaram ko Yamai. Mu ma muna da wurin aiki. Tabarmar da muke shimfiɗawa kowane mako ita ce bironmu. A kanta ake karɓar zubi, a ba da bashi, a yanke tara, a sasanta rigima. Shugaba da ma'ajiya da mai rubutu da masu ƙidaya da masu makulli duk ma'aikata ne, ko da babu mai biyansu albashi. Maganarmu ta yau guda ɗaya ce. Gaskiyar da shugaba ta riƙe a zuciyarta ba ta isa ba, sai ta fito da aikinta fili yadda kowace mace za ta gani da idonta, musamman ranar da labarin ba mai daɗi ba ne.

Me ya sa kwaɗo uku?

Mu tuna daga inda abin ya faro. A 1990 bankin raya ƙasa na Nijar, wato BDRN, ya durƙushe, domin bashi mai yawa da ya bayar bai dawo ba. Banki ne mai benaye da ma'aikata masu digiri da manyan littattafai, amma duk wannan bai tsare shi ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1991, aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tare da ƙungiyar CARE da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes. An ɗora shi ne a kan adashen da iyayenmu suka saba yi tun da daɗewa. Yawancin matan da suka fara ba su taɓa shiga lakkol ba. Amma abin da suka kafa ya tsaya da ƙafarsa, ya tsallaka zuwa Mali da Tanzaniya da Uganda da wasu ƙasashe masu yawa, har yau ana koyi da shi.

Mene ne sirrin? Babu sirri, shi ne sirrin. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku dabam, akwatin kuma yana kwana a gidan ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban taro. Kowace ta zuba nata ana gani. Masu ƙidaya su ƙirga da ƙarfi. Kafin a tashi a faɗi abin da ya rage a ciki, kowa ta tafi da shi a kanta, mako mai zuwa a tambaya kafin a buɗe. Kan mata talatin shi ne littafin ƙungiya, kuma babu mai iya goge shi da dare.

Waɗanda suka tsara haka ba cewa suka yi shugabanninsu ɓarayi ne ba. Sun dai san halin ɗan Adam, sun san yunwar bazara, sun san yadda ake buga ƙofar mace da tsakar dare a ce yaro ba lafiya. Kwaɗo uku yana ba ma'ajiya bakin da za ta ce: "Wallahi Baba, ko ina so ba ni iyawa, makulli ba ya hannuna." Da wannan magana ta tsira da mutuncinta, ta tsira da zumuncinta, kuɗin mata kuma yana nan.

Ƙidaya a fili rigar mai gaskiya ce

Akwai shugabannin da ke jin haushi idan aka ce a sake ƙirgawa. Sai ka ji an ce: "Shekara nawa ina riƙe muku, yau ni za a tuhuma?" Haba Hajiya. Mun yarda cikinki fari ne, amma babu mai ganin cikin wani sai Allah. Abin da ido bai gani ba, zato ne ke cika wurinsa. Ranar da ma'ajiya ta ɗaura sabon zane, ko ta sayo tunkiya a kasuwa da kuɗin da ɗanta ya aiko mata daga Libiya, idan lissafin ƙungiya a duhu yake, kafin magariba maganar ta zagaya bakin rijiya. Ba ta ci ko dala ba, amma ba ta da abin da za ta nuna.

Idan kuwa kowane mako ana ƙirgawa a gaban kowa, mai gulma ba ta da inda za ta dafa. Mata 29 ne za su ce mata: "Ke, a gabanmu aka ƙirga, a gabanmu aka rufe." Kun ga ke nan wadda ta fi kowa cin amfanin ƙidaya a fili ita ce shugaba mai gaskiya. Ya kamata ita ce za ta fara cewa a sake ƙirgawa, tun kafin wata ta nema.

Kunya ta fi sata kashe ƙungiya

A cikin ƙungiyoyin da muka ga sun watse a yankin nan, kaɗan ne aka samu wadda ta ɗauki kuɗi da niyyar ci. Abin da ya fi yawa shi ne ɓoye matsala saboda kunya da tausayi. Bari mu yi lissafi tare don a gane.

A ce ƙungiya tana da mata 30, kowace tana zuba dala 50 a mako, wato sefa 250. Kowane mako jaka 7 da rabi ke shiga akwati. A mako 40 an tara jaka 300, kowace tana da jaka 10 tun kafin a zo ga riba. To, sai wata ta karɓi bashin jaka 20 ta sayi rago don turka, ragon ya kamu da ciwo ya mutu. Ranar biya ta matso, ta je gidan shugaba da dare tana hawaye: "Yaya, ki rufa mini asiri, kar a kira sunana gobe." Shugaba ta tausaya mata, ta raɗa wa mai rubutu ta tsallake sunan. A ranta taimako ta yi.

Amma magana ba ta kwana wuri ɗaya. Wata ta ji, ita ma ta zo da nata uzurin na jaka 15. Yaya za a hana ta abin da aka yi wa waccan? Ta uku ta zo da jaka 10. Yanzu shugaba ta shiga hannun mata uku, ba ta iya tsawata wa ko ɗaya, domin kowace ta san abin da aka rufe. Ranar rabo aka buɗe akwati, giɓin jaka 45. Kowace mace ta rasa jaka 1 da rabi, zubin mako 6 ke nan cur. Wadda ta sa rai za ta sayi akuya, wadda ta yi alkawarin kayan ɗakin ɗiyarta, duk su tashi da ɓacin rai. Abin da zai fi ƙona musu rai ma shi ne jin cewa an san da maganar wata da watanni aka yi shiru. Daga nan ko shugaba ta rantse da abin da za ta rantse, an daina jin ta.

Da a ce tun makon farko shugaba ta ce wa mai ragon: "Ƙanwata, asirinki a rufe yake, amma kuɗin ba nawa ba ne. Gobe zan tsaya kusa da ke mu faɗa wa taro tare." Me zai faru? Matan nan sun san mutuwar dabba, babu wadda ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Suna iya yafe mata ribar. Suna iya raba mata biyan, jaka 2 kowane mako, a mako 10 ta gama. Suna iya tallafa mata daga asusun taimako idan dokar ƙungiya ta yarda. Duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke muddin an faɗa da wuri. Kowane makon da aka ƙara ana shiru, ɗaya daga cikinsu ke rufewa.

Saboda haka muke cewa ma'aunin shugaba shi ne saurinta wajen kawo labari marar daɗi. Labarin riba kowa na iya faɗa.

Mu ƴan gida ɗaya ne, shi ya sa abin ke da wuya

Mun san halin garuruwanmu. A ƙungiya ɗaya za ka samu uwa da ɗiya, kishiyoyi, suruka da matar ɗanta, matar mai gari da matar maƙeri. Yaya yarinya ƴar shekara 20 za ta buɗe baki ta tambayi gwaggon mijinta ina jaka 5 ta shiga? Tarbiyyarmu ba ta ba ta wannan bakin ba, kuma ba mu ce a zubar da tarbiyya ba.

Maganin shi ne a bar doka ta yi tambayar. Idan ƙa'ida ce kowane mako a kira sunan duk mai bashi, da abin da ta karɓa, da ranar biyanta, to ba wadda za ta ce an nufe ta. Idan ƙa'ida ce kafin a rufe akwati shugaba ta ce, "Akwai wadda ba ta gane ba?" sannan ta dakata da gaske, ta dubi na bayan tabarma, ta ba su lokaci, to mai jin nauyi ma za ta samu hanya. Kuma wadda ta yi tambaya a ce mata madalla. Idan aka harare ta sau ɗaya, an rufe bakin mata goma.

Sai maganar harshe. A nan Kutus ba Hausa kaɗai ake ji ba. Akwai ƙungiyoyin da wasu matan suka fi sakewa da Barbarci, wasu da Fulatanci. Lissafin da aka faɗa da harshen da rabin taro ba su ƙware da shi ba, rabin taro aka faɗa wa. A samu wadda za ta maimaita jimillar da harshen da kowace ke ji, ko da zai ƙara wa zaman ɗan lokaci.

Mu da muka yi yaƙi da jahilci

Wannan ɓangaren namu ne, mu da Allah ya ba damar koyon karatu da rubutu. Alheri ne babba. Littafi yana riƙe abin da kai zai manta, kuma ko a addini an ba rubuta bashi muhimmanci: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ku lura, rubutu da shaidu tare aka ambata. Littafin da mace ɗaya kaɗai ke iya karantawa a cikin talatin, idan ba a karanta shi da ƙarfi ba, ya zama akwati mai makulli ɗaya.

Ga wani wurin da ake yawan samun ruɗani. A littafi da sefa muke rubutawa, a baki kuma da dala muke magana. Mai rubutu ta ga 500 a takarda ta ce "ɗari biyar". Ita sefa 500 take nufi, wato dala ɗari. Inna da ke zaune a gefe ta ji dala ɗari biyar, wato jaka 2 da rabi. Babu wadda ta yi ƙarya, amma an tashi da lissafi biyu, kuma ranar rabo za su yi karo. Don haka duk abin da aka karanta a faɗe shi da dala da jaka yadda ake ciniki a kasuwa, sannan a sa wata da ba ta cikin kwamiti ta maimaita.

Kuma kar mu riƙe karatun mu kaɗai. Kowace ƙungiya ta yi ƙoƙari a samu aƙalla mata biyu ko uku da ke gane lambobi, ko da ba su iya dogon rubutu ba. Koyon 1 zuwa 1,000 ba ya ɗaukar shekara. Mai rubutun da ta koya wa wasu duba littafinta ta samo wa kanta shaidu.

Kuɗin da ba ya bi ta kan tabarma

A da duk kuɗin ƙungiya sai ya ratsa ta gaban ido. Yanzu abubuwa sun ƙaru. Ƙungiyoyi sun haɗu sun kafa tarayya. Ana aiko kuɗi ta salula ko ta kamfanonin aika kuɗi. Akwai bankin cimaka da makullinsa, akwai awakin habbanaye da ake zagayawa da su, akwai furoje da ke kiran mutum biyu horo a Gure ko Damagaram a ba su kuɗin mota da na abinci. Duk waɗannan ba su shiga akwati mai kwaɗo uku, kuma a nan ne gunaguni ya fi yawa a yau.

Ƙa'idar dai ba ta sauya ba. Kuɗi ya shigo ta salula, a kawo salular taro a karanta saƙon, wata ta biyu ta duba lambar da idonta. An karɓo kuɗi a Gure, mutum biyu su je, su dawo da takardar shaida a nuna. Hatsin banki a auna shi tiya tiya a gaban wakilan ƙungiya ranar shiga da ranar fita, a faɗi farashin da aka saya da wanda za a sayar. Akuyar habbanaye ta haihu ko ta mutu, a faɗa a zama na gaba, a kuma san wadda ke bi a layi tun kafin lokaci ya yi.

Maganar horo kuwa, a faɗi gayyatar a taro kafin a tafi. A faɗi mutum nawa ake so, a bar ƙungiya ta zaɓa. Wadda ta je ta dawo ta ba da labarin abin da ta koyo, ta kuma faɗi abin da aka ba ta. Halalinta ne, ba wanda zai ƙwace. Amma idan kullum fuska ɗaya ce ke hawa mota, sauran kuma sai dai su ji a bakin ɗan kabu-kabu, to ko babu cuta zukata za su yi tsami.

Abin da ba na taro ba

Kar a ji mun ce a fito da komai fili a ɗauka tonon asiri muke kira. Akwai iyaka. Kuɗin ƙungiya na taro ne: wa ta karɓa, nawa, yaushe za ta biya. Amma abin da mace ta raɗa wa shugaba game da ciwonta, ko halin da take ciki da mai gidanta, wannan amana ce ta dabam, ba ta tabarma ba ce, ba ta bakin rijiya ba ce. Shugaba tana iya cewa, "Ƴar uwarmu ta samu matsala, tana neman a ƙara mata mako 4," ta tsaya a nan. Taro ya san abin da ya shafi kuɗinsa, mace kuma ta tafi da mutuncinta. Shugabar da ta iya raba waɗannan biyu, mata za su riƙa zuwa mata da wuri, matsala kuma ba za ta girma a ɓoye ba.

Ku ma kuna da naku

Ƴan uwa da ba ku cikin kwamiti, kaya ba a kan shugabanni kaɗai yake ba. Wadda ke aiko zubinta ta hannun yarinya mako bayan mako, ba ta zauna ta ji ƙidaya ba, ta ajiye idonta a gida. Wadda ake ƙirga kuɗi tana hira, ranar rabo kuma ta fi kowa ɗaga murya, ba ta yi wa ƙungiya adalci ba. Ku zo, ku saurara, ku riƙe jimillar a ka.

Sannan idan shugaba ta yi ƙarfin hali ta kawo muku labari marar daɗi, kar ku sa ta yi da-na-sani. Idan ta ce lissafi bai cika ba aka taso mata da zagi, kun koya mata, kun kuma koya wa wadda za ta gaje ta, cewa shiru ya fi. A zauna a bi sawun kuɗin cikin natsuwa. Idan kuskure ne a gyara. Idan an tabbatar da cin amana, dokar ƙungiya tana nan, zaɓe kuma yana nan. Shi ya sa yake da kyau bayan kowane rabo a sake zaɓen kwamiti, ko da waɗanda ke kai za a mayar. Kujerar da ake sake tambayar jama'a a kanta ba ta zama gado.

Abin da muke koyo a kan tabarma ba ya tsayawa a nan. Tun da aka yi dokar kaso a 2000, wadda ta buɗe wa mata hanyar samun aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka kuma yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, matan asusu da dama a faɗin Nijar sun zama kansiloli. A 2019 an ɗaga kason zuwa 25 cikin 100. Wasu cikinmu suna kwamitin lakkol, wasu na gidan likita, wasu na famfon gari. Macen da ta saba ƙirga jaka 7 da rabi a gaban mata 30 ba za ta ji nauyin tambayar ina kuɗin famfo ya shiga ba, kuma idan ita aka ba riƙo ta san yadda ake yi.

To, kafin ranar rabo ta zo, ga roƙonmu ga kowace ƙungiya. A zama mai zuwa a kira duk bashin da ke waje, suna bayan suna, ba tsallake. A haɗa shi da abin da ke cikin akwati, a gwada da abin da littafi ya ce, a faɗi jimillar da dala da jaka. Idan akwai giɓi, shugaba ta faɗe shi da bakinta a ranar, tun da sauran makonnin da za a iya cike shi. Ƙungiyar da ta yi haka ta aiko mana da labarin yadda zaman ya kasance, mai daɗi ko marar daɗi, don wasu su ƙaru.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa a yi rabo lafiya, ya sa albarka a abin da kowace za ta kai gida. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.